Ranar da Aka Tafa wa Baba Janareta

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana kula da janaretan wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa, har sunansa na yanka ya ɓace. Kowa Baba Janareta yake ce masa, har da matarsa in tana son tsokanarsa. Ɗakin injin yana can ƙarshen tashar, bayan tankin ruwa: ƙofar ƙarfe, taga guda, benci, da gwangwanayen da yake jera kusoshi a ciki bisa girmansu. Daga nan wuta ke zuwa fitilun sigina masu ba jirgi izinin shiga, da famfon ruwa, da fankar ofishin shugaban tasha. Da kunne yake gane ciwon injin. Ko loma ce a hannunsa, in ya ji ƙarar ta sauya, ajiyewa yake yi ya tashi.

Sai aka kawo sola. Aka kafa faranti talatin da shida a kan wata rumfar ƙarfe, sahu uku, aka jera batura a tsohon sito. Wadda ta jagoranci aikin wata injiniya ce, sa'ar 'yarsa ta biyu, mai saurin tafiya da saurin magana. Ranar da aka kunna, aka kashe janareta, tashar ta yi tsit har ana jin kukan tantabaru.

"Baba, janareta zai zauna don ko-ta-kwana," in ji ta. "Kai kuma ga abin da nake roƙonka. Duk kwana uku a wanke farantan nan. Jiragen siminti na bi ta nan, ga kashin tantabaru. In suka yi datti, batura ba za su cika ba."

Ta miƙa masa bokiti da doguwar sanda mai soso a kai. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce to. A gida bai faɗa ba. Da matarsa ta tambaye shi me ya sa rigarsa ta daina warin dizal, cewa ya yi an ƙara masa girma.

Wata biyu yana wankin, masu sayar da tikiti na yi masa ba'a, wai in ya gama ya zo ya wanke musu kwanuka. Yana dariyar yaƙe tare da su. Wata safiya ya hau tsani, ya wanke sahun gaba da ake hangowa daga tasha, ya tsaya yana duban sahu biyun baya. Babu mai ganinsu sai tsuntsu. Ya sauko. Bai ce wa kansa zai ɓata komai ba. Abin da yake so kawai, wata rana wuta ta ɗan yi rauni, a tuna da shi. Mako shida bai taɓa su ba.

Aka yi kwana uku da hadari ba ruwa, rana ba ta fito sosai ba. Ran na huɗu da la'asar, jirgin fasinja yana gab da isowa, baturan suka ƙare, fitilun sigina suka mutu. Dokar aiki ita ce in direba bai ga fitila ba, ya tsaya. Jirgin ya tsaya nesa da tasha, a fili, cikin zafi mai kama numfashi.

"Baba Janareta! Ina Baba Janareta?" shugaban tasha ke ƙwala kira.

Ya ruga kamar ɗan shekara ashirin. Injin da yake gogewa kullum ya tashi bugu ɗaya. Amma kafin a sauya layin wuta, a gwada sigina, a ba direba izini, an ci kusan awa guda. Da jirgin ya shigo, ma'aikata suka yi ta tafi, wani ya ɗaga hannunsa sama kamar wanda ya ci dambe. Yana cikin washe baki ya ga ana sauko da wata tsohuwa daga tarago na uku, ta sume don zafi, 'yarta na yayyafa mata ruwa tana kiran "Inna! Inna!" Tsohuwar ta farfaɗo, amma shi dariyar ta bushe masa a fuska.

Washegari injiniyar ta zo da wani babba daga hedikwata. A gaban kowa mutumin ya wanke ta tas, ya ce lissafinta ne bai yi ba, da ba don wannan dattijo ba da an ji kunya. Ta ɗauki tsani ta hau rumfar, ta daɗe a sama. Baba na ƙasa yana riƙe mata tsanin. Da ta sauko, tafin hannunta fari fat da siminti. Ta goge a jikin rigar aikinta, ta dube shi.

"Baba, tsanin nan ya yi wa gwiwarka tsawo. Ni ce ban yi tunani ba. Zan sa a yi matakala."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Kwana tara yana yawo da abin. Ya daina zama a bencin ma'aikata. Abinci ya ƙi shiga. Ran na tara da hantsi matarsa ta tsare shi a bakin ƙofa.

"Malam, mutumin da aka yi wa tafi ba haka yake tafiya ba. Me ka yi?"

Ya faɗa mata duka, har da bokitin da ƙaryar ƙarin girma. Ta ce, "Bokitin na sani tun tuni, hannunka duk ya yi fari da sabulu. Wancan ne ban sani ba. In 'yarmu aka yi wa haka a wurin aikinta, me za ka ce?" Ta ɗauko masa hularsa ta miƙa masa.

A ofis, shugaban tasha ya saurare shi har ƙarshe, yana juya biro a hannu.

"Ka makara, Baba. Shekaranjiya aka ɗauke injiniyar daga wannan layin, an mayar da ita ofis."

"Yallaɓai, a rubuta abin da na faɗa, in sa hannu. A aika musu."

An rubuta, an aika. Aka ba shi takardar gargaɗi, ta farko a duk shekarun aikinsa, aka kuma cire laifin daga kanta, amma ba a dawo da ita ba. Ya roƙi lambarta, ya kira ta daga bayan tankin ruwa inda ba mai ji. Ya fara kame-kame, ta katse shi.

"Na sani tun ranar, Baba. Na ji haushinka sosai, ba zan ɓoye maka ba. Ya wuce. Ya baturan?"

"Suna cika kafin azahar."

"To madalla. A gaida Mama."

Shekara biyu ya ƙara kafin ya yi ritaya, kuma shi ya koya wa wanda ya gaje shi aikin. Labarin bai fita daga ofis ba, don shugaban tasha mutum ne mai rufin asiri. Har yau a wajen biki ko zaman makoki, wani tsohon abokin aiki kan ɗauko zancen ranar da Baba ya ceci jirgi. Da farko tashi yake yi, wai zai yi alwala. Yanzu yakan bari mutumin ya kai aya, sannan ya gyara zama ya ce, "Ba haka aka yi ba," ya ba su labarin tun daga bokiti.