Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Wata Laraba bayan an gama shigar da hatsi rumbu, shekarar da nake aji biyu a lakwal, wato makarantar boko ta garinmu Madarumfa, aka fito da mu fili a koya mana maci, saboda babban baƙo zai zo daga Maradi ranar Asabar. Mu ɗari biyu da sha ɗaya ne. Malamin lissafi, Mushe Idi (haka muke kiran malamai da Faransanci), ya jera mu bisa tsawo, ni kuwa na fi kowa gajarta, ina can ƙarshe ina soshe-soshe, ina leƙen jakunan da ke gangarawa tabki.

Ya jera mu uku-uku, na rage ni kaɗai. Ya mai da mu biyar-biyar, na rage. Shida, bakwai, goma, duk ni ne a gefe kamar ɗan akuyar da aka manta a waje, yara suna kirana Saura. Da ya gwada huɗu-huɗu mu uku muka rage, na ji sanyi, amma ya ce hakan ya fi muni. Ya tsuguna ya yi ta zane a ƙasa da tsinke, sannan ya miƙe ya ce, "Lambar nan ba ta rabuwa, sai da ɗaya ko da kanta. Irinsu suna da yawa, ba su da ƙarshe." Ko mu tafi layi guda kamar tururuwa, ko a cire mutum ɗaya. Kowa ya san wanda za a cire.

Kwanakin nan ban zauna wuri ɗaya ba. Inna ta riga ta wanke mini riga. Aka aike ni ban ruwan albasa a lambu, na bar guga na tara tsakuwa ina rarrabawa, ko Mushe ya yi kuskure. Kowane kashi na yi, sai guda ta tsaya tana kallona. Da na gaji sai na fara roƙon Allah, a bayan kowace salla, ya sa wani ya yi masassara. Ba mai tsanani ba, ta yini ɗaya. Haka na roƙa, Allah ya yafe mini.

Ranar Asabar Sanusi, maƙwabcinmu da muke tafiya tare kullum, bai zo ba. Lafiyarsa lau: ciwon baya ne ya kwantar da babansa, aka cire shi daga lakwal ya riƙe kwalekwale. Layi ya cika cif, bakwai-bakwai, na buga ƙafa har ta yi zafi. Sanusi bai sake komowa aji ba.

Yanzu an kewaye filin da katanga, jikana yana nuna mini a waya irin lambobin nan masu tsawon da ba a iya karantawa. Ni na san guda ɗaya kawai. Sanusi yana nan bakin tabki yana gyaran komar kamun kifi, mukan gaisa, mu tambayi iyali. Har yau ban iya tambayarsa ko ya zo kallonmu ba.