Ruwan da Ustazu Ya Ceto

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da muka wanke wani bene a unguwar Mohandessin muka bar shi ya fi da muni.

Lokacin ina karatu a Alƙahira, kuɗin tallafi kuwa sai ya ga dama yake zuwa, don haka na kama aiki wurin wani ɗan Maraɗi da muke kira Alhaji. Ya sayar da kayan shagonsa kaf ya sayi injin tace ruwa na wankin gilashi. Hikimar abin ita ce, idan ruwa ya rabu da gishirin da ke cikinsa, sai ka goge taga daga ƙasa da burushi mai doguwar sanda, ka ɗauraye, ka kama gabanka, ta bushe tas babu tabo. Alhaji ya duba ya ga kogin Nilu kwance, ya ce ai riba ce zalla. Abin da mai sayarwa ya manta bai faɗa masa ba shi ne injin nan ci gare shi. Yau a canja matatar ruwa, gobe a sayo ƙwayoyin da ke tsotse gishiri, jibi kuɗin wuta. Mafi ciwo, kafin ya ba ka bokiti ɗaya mai kyau, sai ya tura wasu bokitai magudana ta wani siririn tiyo, tare da duk dattin da ya tace.

A banɗakin gidanmu na unguwar Hay el-Sabi' aka girke shi. Cikin masu zama da mu akwai wani ɗan Zariya mai karatun fiƙihu, muna ce masa Ustazu. Mutumin kirki ne, amma ko famfo ya ɗiga sai ya jawo maka babi. Kullum ya shiga alwala ya ji tiyon nan yana tsiyaya, sai ya fito ransa a ɓace, yana cewa an hana israfi da ruwa ko a bakin kogi.

Ana haka wani kamfani ya ba mu gwaji. In aiki ya yi kyau, namu ne har shekara. In bai yi ba, jarin Alhaji ya tafi ke nan. Ana gobe za mu je, tankin tara tataccen ruwa, wanda kan ɗauki wuni, sai ya cika kafin azahar. Alhaji ya ɗaga hannu sama ya ce wannan albarkar zama da masu Alƙur'ani ce. Ustazu ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Muka wanke benen nan, wuyana kamar zai karye. Muna shan shayi muna jiran yabo, rana ta hau gilashi. Sai ga fararen ɗigo-ɗigo sun fito tun daga sama har ƙasa, kamar jikin zabuwa. Manajan ya fito, ya shafa da yatsa, ya dubi Alhaji ya ce, "Ma'alish, ya Hajj. Khalas." Wato a yi haƙuri, magana ta ƙare.

A gida muka tarar da siririn tiyon a cikin tanki, an ɗaure shi da kyau. Ruwan da injin ya zubar Ustazu ya mayar cikin mai kyau. Ko gezau bai yi ba.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ko ɗigo ɗaya bai tafi a banza ba."

"Gaskiya ne, Ustazu," in ji Alhaji a hankali. "Ni kaɗai na tafi."

Na yi dariya a lokacin, amma da na raka Alhaji filin jirgi zai koma gida da jaka ɗaya, tausayinsa ya kama ni. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Tun daga nan na gane kowace sana'a tana da abin da dole a bari ya zube kafin sauran ya tsarkaka. Kuma in ka ga mai kyakkyawar niyya ya doso aikin da bai sani ba, rufe ƙofa tukuna, sannan ka yi masa godiya.