Kotun da huruminta ya kai London da Kano

"To ina receipt ɗinki?" in ji Baturiyar da ke ba da shawarar shari'a kyauta a unguwar Catford, nan London.

Wane receipt? Daga mai cargon da suke sahu ɗaya da maigidana a masallaci ran Juma'a?

Jaka uku na ba mai cargo ɗin nan, na biya kuɗin aike cif a London. Da kayan suka isa Kano, ƙaninsa ya ce sai an ƙara kuɗi. Ƙanwata ta biya. Ni kuwa na rantse sai small claims court, kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi, ta raba mu.

Baturiya ta ce wanda ya karɓi ƙarin yana Kano, da wuya hannun kotun nan ya kai can. Lauyan Kano kuma ya ce ai a London aka yi ciniki.

Na kira Mama a Gwammaja, can Kano, ina huci. Ta ce, "Shi ɗan wace ce?"

Na faɗa mata.

"Ɗan Hajiya Uwani? Kashe wayar."

Kafin la'asar kuɗin da aka ƙara sun dawo, har da ban haƙuri.

Ashe kotun da ke da hurumi a ƙasa biyu tana zaune kan darduma a Gwammaja. Ku ina kuke kai ƙara?