Mai Jiran Bushiya Ta Warware

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina gaban allo ina koyar da lissafi, shugaban makarantarmu ya leƙo ta taga ya yafito ni. Tun kafin in kai bakin ƙofa jikina ya ba ni. Malaminmu na kimiyyar halittu, abokin zamana a ofis ɗaya shekara da shekaru, wanda ɗalibai ke kira Malam Bushiya a bayan idonsa, mu kuma a gabansa, ya riga mu gidan gaskiya bayan doguwar jinya.

Malam, ka san ni ba mai magana ba ne. Kai ne mai bakin ofishinmu, ni kuwa lambobi na iya. Amma yau kujerarka na kallona, kofin shayinka na nan a kife inda ka bar shi, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke raina sai takarda.

Sunan nan ka samo shi ne daga darasin da ka fi so, na yadda dabbobin da ake farauta suke kare kansu. Ba ka yarda ka koyar da shi a kan allo kaɗai ba. Kowace shekara sai ka samo bushiya a kwali, ka ajiye ta tsakiyar aji, washegari ka mayar da ita inda ka ɗauko ta. Kana nuna wa yara cewa ba dabbar da ke dogara da dabara ɗaya. Da farko bushiya ɓuya take yi, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye. In an gan ta sai ta ruga. In an cim mata ta miƙe ƙayoyinta tana huci, in abin ya ƙi ta dunƙule. Kana cewa cikin ikon Allah wadda ƙayarta ta fi ƙarfi ita ke tsira ta haihu, 'ya'yanta su gaje ta, haka zuriya bayan zuriya. Maharbin ma ba ya zama, shi ma yana ƙara wayo, shi ya sa babbar mujiya mai dogayen farata takan ɗauki bushiya duk da ƙayarta. Ta bango nake jiyo ka, har na haddace darasin ba tare da na taɓa zama ajinka ba.

Abin da ya fi ba yara wahala shi ne ƙarshen darasin. Bushiya ta dunƙule, kowa na son ya gan ta a buɗe, wani ya ɗauko biro zai tsokane ta. Sai ka ce, "Kul! In ka taɓa ta ƙara matsewa za ta yi. Ku zauna ku yi shiru, ita da kanta za ta fito." Ajin da ba ya iya rufe baki ko liman na huɗuba, sai ga shi tsit, har ɗan hancin nan ya leƙo.

Ban san darasin nan nawa ba ne sai da matata ta rasu. Na rufe ƙofa, na daina ɗaga waya. Mutanen kirki sun zo da nasiha mai kyau, kowanne ya tafi ya bar ni na fi da matsewa. Kai kuwa da la'asar sai in ji ƙarar babur ɗinka. Ka yi sallama, ka zauna a ƙarshen doguwar kujerar falona, ka fito da takardun jarrabawa kana maki. Ba ka taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Jan bironka kawai nake ji a kan takarda, magariba ta yi mu yi salla, ka tafi. Ban san kwana nawa muka yi haka ba. Wata rana dai na ji bakina yana ba ka labarin yadda take ɓoye mini mukullin mota in ta ga na gaji. Ka ajiye biron, ka saurara har na gama kuka.

Da ciwon sukari ya kama ka, duk dabarun nan sai da ka gwada su, kuma har yau ina jin haushinka a kan ta farko. Kai ne ka koya mana cewa dabba mara lafiya a garke ɓoye ciwonta take yi, don mai rauni ake fara zaɓa. Haka ka yi mana. Kana ɗingishi kana cewa sabon takalmi ne. Da abin ya fito fili sai ka koma guje masa da barkwanci. Ranar da likitoci suka yanke ƙafar, na shiga ɗakin ban san me zan ce ba, kai ka riga ni.

"Ka ga ƙadangare? Ya bar wa kyanwa wutsiya ya tsira. Sai dai tawa ba za ta sake tohowa ba."

Na yi dariya don kai kana yi. Da na fita baranda na zauna a kan benci, na rufe fuskata da hannu.

Yanzu ofis ya yi mini faɗi. Na kama kaina ina rufe ƙofa da tsakar rana, ina cin abinci ni kaɗai ina kallon bango, kuma na san wannan hanyar, na taɓa bin ta. A wancan karon akwai ƙarar babur da la'asar. Yanzu babu, kuma ina tsoro.

Amma akwai wanda ya fi ni. Mahaifinka, dattijon da ya binne ɗan da ya zaci shi zai binne shi, bai ce uffan ba tun ranar da aka kai ka. Yana zaune a ɗakinsa, masu gaisuwa na shiga suna fita, shi kuwa idonsa na kan tabarma. Makon jiya na tattara takardun ɗalibaina na tafi. Na gaishe shi, na zauna a bakin ƙofa ina maki. Haka na yi ta komawa, ba ya kallona, ni ma ba na matsa masa. Jiya, ina shirin tashi, sai na ji muryarsa a dushe.

"Ɗana, ya taɓa gaya maka yana ƙarami ya kawo mini bushiya a cikin hulata?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To zauna."

Na ajiye biron.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara. Yadda ka zauna da masu kaɗaici ba ka gaji ba, Allah kada Ya bar ka cikin kaɗaicin kabari, Ya haskaka shi, Ya yalwata shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, da maiɗakinka, da 'ya'yanka, da ɗaliban da suka koyi yin shiru a ajinka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Gobe da la'asar, in Allah Ya kai mu, zan koma wurin Baba, don bai gama ba ni labarin ba.