Saki Uku a Kan Dandamali

Matan da na saka a rayuwata, in aka tara su wuri ɗaya, za su cika filin Idi har wasu su tsaya a bakin titi. Na saki mata a rediyo, na saka a talabijin, na saka a kaset, na saka a fina-finan nan da ake kallo a waya. Ban san abin da daraktoci suka gani a fuskata ba. Tun ina aji huɗu a firamare a nan Tudun Wada, ranar da aka fara manna mini gemun auduga, mijin da ba ya jin bari aka ba ni, kuma ban sake fita daga wannan riga ba. Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa a kasuwarmu da ta shekara biyu ba ta amsa gaisuwata, wai na kori mai jego a cikin ruwan sama. Na rantse mata ruwan da bokiti aka zuba shi, ta ce wannan ma ya fi muni.

Matata ta gaskiya kuwa ɗaya ce tal. A ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa muka haɗu, kuma ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba, sai dai ta ajiye wasan ranar da aka ɗaura mana aure. Sunanta ɗaya da na mahaifiyata, saboda haka bakina bai taɓa ɗaukarsa a gida ba. Mai Sunan Inna nake ce mata. Mahaifinta, wanda muke kira Baba, tsohon hedimasta ne da ke zaune a Tudun Jukun. Mutum ne mai gaskiya, amma bai taɓa yarda cewa sana'a nake yi ba. In an tambaye shi aikin surukinsa, sai ya ce, “Wasa yake yi,” ya kau da kai.

Wata Asabar da damina makarantar matan aure ta unguwarmu ta shirya bikin yaye ɗalibai. Malamarsu ta rubuta ɗan wasa kan illar saurin saki, aka roƙe ni in fito a mijin. Tun a gwaji na lura sunan da aka ba matar cikin wasan shi ne sunan Inna. Ban damu ba. Suna ne da babu layin da ba a samun mai shi, na kuma sha kiransa a fim. In na sa gemun nan, abin da bakina ke faɗa ba ya neman izinina.

Saura rabin awa a fara, 'yar wasan da za ta fito a matata ta bugo waya cewa motarsu ta lalace a hanyar Kaduna. Zaure ya cika da mata, malama ta fara share zufa da gefen hijabi. Mai Sunan Inna tana cikin 'yan kallo, kuma ta haddace wasan kaf, don ita ke karɓa mini layi a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Malama ta roƙe ta, ta dube ni. Na ce ai taron mata ne, hau kawai. Na manta cewa babban baƙon da aka zaunar a kujerar gaba Baba ne.

Shekara ashirin da ɗaya rabonta da dandamali, amma tana hawa sai ka ce jiya ta sauka. Na yi mata tsawa kan gishirin miya, ta mayar mini da magana mai zafin da ya sa mata suka miƙe tsaye suna tafi. Ni kuma ban iya ganin an fi ni samun tafi ba. A takarda, abin da aka rubuta mini layi ɗaya ne: in riƙe gefen mayafinta, ta ce in sake ta, in ce je ki gidanku, na sake ki. Shi ke nan. Amma da na zo wurin, sai na juyo ga jama'a, na ɗaga hannu sama, na kira sunan da ƙarfi, na ce na sake ki, saki ɗaya, saki biyu, saki uku, ina ƙirgawa da yatsu.

Zauren ya ɗauka. Wata ta jefo mini takalmi. Ina cikin jin daɗi na juya, sai na ga fuskar matata. Ba fuskar wasa ba ce. Na kalli kujerar gaba, na ga Baba ya miƙe yana gyara hularsa.

Ta ƙarasa wasan har ƙarshe, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. Da muka fito, Baba na tsaye a bakin ƙofa, ya riga ya tsayar da keke mai ƙafa uku.

Ya ce mata, “Shiga.”

Na ce, “Baba, lafiya?”

“Ni ka tambaya? Ka kira sunan 'yata a gaban jama'a, ka ƙirga mata uku.”

“Baba, ai wasa ne. Ga gemun ma ban cire ba.”

“Saki ba shi da wasa. Je ka tambayi duk wanda ya yi karatu.”

Na yi dariya, don ita ce abin da na iya. Babu wanda ya taya ni. Ta shiga keken ba ta dube ni ba, na tsaya da rabin gemu yana lilo a haɓata.

Sai a hanyar gida lissafin ya shigo mini. Da ɗayan da ke takarda na tsaya, ko an ce ya tabbata, kalma ɗaya ta isa in mayar da ita kafin magariba. Uku kuwa ba kome, sai ta auri wani ya rabu da ita. Biyun da na ƙara don tafi, su ne za su iya raba ni da uwar 'ya'yana huɗu.

Limamin da ya ɗaura mana aure shi Baba ya ce zai yanke magana, kuma ya yi tafiya, sai Talata zai dawo. Kwana uku ke nan. Kafin azahar ta Lahadi, bidiyon wasan da wata ta ɗauka a zauren ya shiga kowace waya daga Tudun Wada har Kwangila. Teburin mai shayin layinmu ya koma kotu. Masu gyaran babur suka ce ya saku, teloli suka ce bai saku ba, wani mai wankin hula da bai taɓa aure ba ya fi kowa ɗaga murya. Wani abokin wasana, wanda muka fara sa gemun auduga tare, ya zo har ƙofar gida ya zauna kusa da ni.

Ya ce, “Gwauro, ya haƙuri?”

Na kau da kai, shi kuwa ya ci gaba.

“In ta kai ga sai ta auri wani, ka san ni mai taimako ne.”

A rayuwata ban taɓa dukan mutum ba sai a fim, amma ranar sai da aka riƙe ni. Babbar 'yata ta ajiye mini tuwo ba ta ce mini ci kanka ba. Na zauna ina kallon tabarmar da uwarta ke tsintar shinkafa, na kasa kai loma.

Ran Litinin na tafi Tudun Jukun. Baba ya karɓe ni a zaure, ya sa aka kawo mini ruwa a kofin baƙi. Na roƙi in gan ta ko minti ɗaya.

Ya ce, “A matsayin wa?”

Na ajiye kofin ruwan, shi kuwa ya ci gaba.

“In malam ya ce matarka ce, ni da kaina zan kawo ta. In ya ce ba ita ba ce, ka ga bai kamata ka shiga ba.”

Ran Talata bayan la'asar muka hallara a zauren liman. Ni da Baba a tabarma ɗaya, da tazarar da mutum uku za su zauna a tsakaninmu. Malamar makarantar ta zo da takardar wasan. Matata ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida, ta ja mayafi har goshi. Liman tsoho ne mai magana a hankali. Ya sa tabarau, ya kalli bidiyon sau uku, ni kuma ina jin muryata tana ƙirga ɗaya, biyu, uku, sau tara ke nan. Sannan ya karanta takardar yana bi da yatsa.

Ya ce, “Ina ukun a nan?”

Malama ta ce, “Babu, Allah gafarta malam. Ɗaya na rubuta.”

“Wa ya ƙara biyun?”

Na ce ni ne. Sai tsohon halina ya motsa, na ce, “Allah gafarta malam, in aka duba da kyau, mayafinta na riƙe. Ta ce in sake ta, ni kuma na sake ta.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Sau uku ka riƙe mayafin?”

Na sunkuyar da kai.

Ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce wanda ke ba da labarin maganar wani bai yi saki ba. Shi kansa yana karantar da babin saki a wannan zauren, yana furta kalmomin, iyalinsa na ji daga ciki, kuma ba wadda ta taɓa haɗa kayanta. Abin da ke takarda, maganar mai gemun auduga ce. Matsalar ita ce abin da ba ya takarda. Na fita daga rubutu, na kira suna, sunan kuma na matata ne, tana tsaye a gabana. Ya ce abin da yake so ya sani shi ne, a wannan lokacin, wa ke magana, kuma da wa.

Ya tambaye ni abin da ke zuciyata sa'ad da na ɗaga yatsu. Na so in tsara magana mai daɗi, amma na ga wurin ba na tsari ba ne. Na ce, “Wallahi tafi kawai nake nema.”

Ya ce, “Wannan ba ya cikin littafi.” Ya juya wajen ƙofa. “Ke aka yi wa magana. Wa kika ji ya kira ki?”

Tun Asabar ba ta ce mini uffan ba. Na kunyata ta a gaban ƙawayenta da mahaifinta, ranar da ta hau dandamali don ta fitar da ni kunya. In ta ce mijina ne ya kira ni, magana ta ƙare, kuma ba wanda zai ce ta yi ƙarya. Ta gyara mayafinta. Ina jin ɗigar ruwa daga indararo, ina jin Baba yana jan carbi.

Ta ce, “Allah gafarta malam, a ce masa ya faɗi sunana yanzu.”

Liman ya ce, “Ka ji. Faɗi sunan matarka.”

Na ɗauka in na faɗa shi ke nan na tsira. Na buɗe baki. Sunan nan na kira shi a gaban kyamara ya fi sau ɗari, amma ga ni ba gemu, ga surukina, ga ita tana kallona. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa turmi. Na sake gwadawa. Abin da ya fito shi ne, “Mai Sunan Inna.”

Ta ce, “Shekara ashirin da ɗaya ke nan, malam. Ko asibiti ya kai ni aka tambaye shi sunana, biro yake karɓa ya rubuta. Wanda ya kira sunan nan ran Asabar ba mijina ba ne.” Ta ɗan tsaya. “Amma shi ma ban yafe masa ba.”

Liman ya juya ga Baba. “Malam, ka taɓa jin ya kira ta da sunanta?”

Baba ya daina jan carbi. Na san yana da damar ya ce bai tuna ba. Amma ya ɗaga kai ya ce, “Ban taɓa ji ba.”

Liman ya cire tabarau. Ya ce a iya abin da ya fahimta aure na nan, Allah ne mafi sani, kuma in sani akwai malaman da, da a ce gabansu na je, da ban kwana da mata ba. Ya ce kalmar nan ba abin neman tafi ba ce, kada in kuskura in sake furta ta a gaban iyalina, da gemu ko ba gemu.

Na yi zaton tare za mu koma gida. Ta shiga keke ta bi Baba. Sai ran Alhamis da hantsi ya kawo ta da kansa kamar yadda ya yi alkawari, ya tsaya a ƙofar gida bai shiga ba. Na tambaye ta dalilin ƙarin kwana biyun. Ta ce kwana ɗaya na kowane sakin da na ƙara ne, kuma in gode wa Allah da ban ƙirga har goma ba.

Liman a gaban iyalina kawai ya hana ni, amma tun ranar bakina ya ƙi kalmar ko'ina. Fim na farko da aka kira ni bayan nan, muka zo wurin sakin, darakta ya ba da umarni, na ɗaga hannu na tsaya kamar gunki. Aka sake ɗauka sau shida. Daga ƙarshe aka ba wani yaron fim gemuna. Kiran da ake mini ya ragu sosai, kuma in an kira ni yanzu, kawun amarya nake fitowa, mai zuwa biko da ba da haƙuri. Ba a tafa wa kawu. Tsohuwa mai daddawa dai ta fara amsa gaisuwata, har tana tambayar mutanen gida.