Ranar Da Kaka Ta Fizgo Hannuna

Jiya a wani shago a unguwar Al Buteen, nan ƙasar Larabawa, aka kunna turaren tsinke, ƙamshin ya tsayar da ni cak. Irinsa ne mai rainona take kunnawa a gidanmu na unguwar Abu Hail, ina 'yar shekara bakwai.

Dattijuwa ce 'yar Siri Lanka, mabiyiyar addinin Buda, Babana ne ya yi mata biza. Bayan azahar, a watannin zafin nan da ko taga ba a buɗewa, takan shiga lungun kicin ta naɗe ƙafa, ta rufe ido, ta yi shiru kusan awa guda. Ba wanda ya damu, sai da Kaka, mahaifiyar Babana, ta zo daga Kano ganin likita.

Kun san tsofaffinmu. Kaka ko kyankyaso ya gitta sai ta san inda ya nufa. Kwana uku tana leƙen matar nan. Ta shinshina abincina, ta ɗaga matashina, ta tofe ni safe da yamma. "Ba carbi, ba alƙibla, leɓe ba ya motsi," in ji ta. "Da wa take ganawa? Ruwa ba ya tsami banza." Ta ce ko a sallame ta, ko ta tafi da ni Kano.

Babana ya nemi mafita. "Hajiya, ai likitoci ma suna sa masu hawan jini yin haka." Ya kira mai rainon, ya tambaye ta da Turanci, yana roƙonta da ido: "Don lafiya kike yi, ko ba haka ba?" Da a ce ta ce e, khalas, da magana ta mutu. Ta kuma san in aikin ya tafi, bizar za ta bi shi.

"A'a, maigida," ta ce. "Ibadata ce. Ba lafiya nake nema ba. Ina koyon sakin kwaɗayi ne, har da son kaina, yadda Buda ya koyar."

Babana ya so ya rage wani abu wajen fassara, Kaka ta karanta a fuskarsa. Aka sallame ta. Na yi kuka har na shiɗe, kuma wallahi na tsani Kaka a makon nan.

Ranar tafiyarta, jakarta na bakin ƙofa, ta yi zamanta na ƙarshe. Na zo zan gitta ta gabanta in ɗauko ruwa, Kaka ta fizgo hannuna. "Ke," ta ce a hankali, "ba a wucewa ta gaban mai ibada."

Yanzu a ofishinmu duk Talata ana kawo wani mutum ya zaunar da mu minti goma ido rufe, wai don aiki ya ƙara sauri. Kullum sai ya jaddada cewa abin ba ruwansa da addini. Abokan aikina sun yarda. Ni dai idona a buɗe nake zuba masa, ban gamsu ba. Na san matar da ta rasa hanyar abincinta don ta ƙi faɗin wannan maganar.