Tagar da Ta Karya wa Inna Azumi

Yayana ya bar kabu-kabu a Wurno ya koyi yankan gilashin taga, muka ce an samu sana'a. Ashe rigima muka samu. Wani abokinsa ya nuna masa hotunan sararin samaniya a waya, irin waɗanda na'urori ke ɗaukowa daga can sama, shi ke nan yaya ya haukace. Mutumin da Goronyo ce iyakar tafiyarsa, sai ga shi yana ba mu labarin wata jar duniya kamar ya yi noman albasa a cikinta.

Ya dinga tsince-tsince: ɓaraguzan shuɗin gilashi, kwalaben magani, jar fitilar bayan babur. Ya yanka, ya goge bakinsu, ya manna su da gam, har taga ta haɗu. Shuɗi mai duhu, taurari, sai jar duniyar a tsakiya kamar faifai. Gaskiya ta yi kyau, na ji haushin kyanta ma, don na riga na gama yi masa dariya. Ya ce ba ta sayarwa ba ce, ta Inna ce, ya kafa ta a bangon yamma na ɗakinta.

Idanun Inna sun yi yana, da hasken ɗaki take gane lokaci. Rannan tana ramuwar azumi, da la'asar sakaliya bango ya yi jawur. Ta yi bismilla ta kurɓi kunu. Da ta fito alwala, ga rana tsaye kan dalbejiya.

"Kira man shi!" in ji ta. "Mi na yi mai da zai kawo man magariba tun da rana? Ya ɗebe man abin ga yau."

Yaya ya zo da guduma. Ni da nake tsokanarsa sai da ya ba ni tausayi. Ya hau turmi ya fara zare ƙusa, Inna ta koma ɗaki, jan hasken yana kwance a tafin hannunta, tana juya hannun a hankali.

"Tsaya," ta ce. "Mi ad da kai da gaggawa?"

"Ke kinka ce in ɗebe, Inna."

"Azumi dai in sake shi gobe. Tun da idanun ga sunka lalace ban ƙara ganin ja ba, sai ga tagag ga taka. Mai da ƙusakka."